Lacca: Yadda Za a Riƙe Samari a Makarantar Ƙauye

Jama'a, assalamu alaikum. Abu huɗu zan faɗa, in lokaci ya bari.

Na farko, rajista. Yaro ba ya barin makaranta dare ɗaya. Da fashin ranar kasuwa yake farawa: a Maigatari Alhamis, a Wudil Juma'a. Ya yi dako ko ya kora awaki, ya dawo da kuɗi a aljihu. In dashen shinkafa ya zo a Kura, sai a nemi yaro mako biyu a rasa. Malam, buɗe rajistarka. Duk wanda fashinsa ke faɗawa rana guda kowane mako, da shi za a fara.

Na biyu, a kafa wa samarin ƙungiya tasu a makaranta. Yara 8 zuwa 10, sau ɗaya a mako, minti 40, bayan la'asar. To, a nan ake ɓata aikin. Sai hedimasta ya tattara duk masu taurin kai ya zuba su wuri guda. Ai majalisa ka haɗa musu! (Dariya.) Ku gauraya su: masu fashi shida, masu zuwa kullum uku ko huɗu. Ku gauraya su, na sake faɗa. Kuma kada malamin da ke riƙe da bulala ya jagoranta, a samo saurayi ɗan gari, ko mai horar da su ƙwallo. Abin da aka faɗa a wurin, a wurin zai tsaya. Ɗan shekara 15 a JSS 2, wato aji biyu na ƙaramar sakandare, wanda bai iya haɗa baƙi ba, kuna zaton zai tona kansa a gaban 'yan mata? Gara ya gudu. Saboda haka minti 15 na farko karatu ne, da Hausa, ba mai yi wa wani dariya. Kowa kuma da abokinsa, in bai zo ba ya bi shi gida a ranar.

Na uku, a nemi taimakon manya. Kwamitin makaranta da mai unguwa, wannan kun sani.

Baba, na ga hannunka.

(Tambaya: Malam, in uba ya ce shi a gona yake buƙatar ɗansa fa?)

Dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin matakin farko ga kowa, ta wajabta karatu har JSS 3, amma kada ku tunkare shi da doka, Baba. Ku je da liman, ku roƙi safiya kawai, yamma tasa ce. In aiki ya matse, yaran ƙungiya su yi masa gayya ranar Asabar.