Antigoni da Kawunta: Gawar da Aka Hana Binnewa

Assalamu alaikum, jama'a. Na baya kuna jina? To, madalla.

Yau Girka za mu je, birnin Atina, wajen shekara 441 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da Sofokilis ya kawo wasan kwaikwayonsa na Antigoni.

'Yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, suka kashe juna a kan sarautar Tibis, wani birni na Girka inda labarin wasan ya faru. Itiyokilis ya mutu yana kare gari, shi kuwa Polinaisis da rundunar birnin Argos ya zo cin garin. Kawunsu Kiriyon ya hau gado, ya sa aka yi shela: na farko a binne shi da girma, na biyu a bar wa karnuka da tsuntsaye. Wanda ya binne shi, kisa.

'Yar'uwarsu Antigoni ta fita ita kaɗai, ta yayyafa wa gawar ƙasa. Masu gadi suka share. Da rana tsaka guguwa ta taso, tana lafawa sai ga yarinyar ta dawo, tana kuka kamar tsuntsuwar da ta tarar da sheƙarta wayam, da tulun tagulla a hannu tana tsiyaya wa mamacin sau uku. Nan suka cafke ta. Ko gardama ba ta yi ba. Ta ce wa sarki shelarsa ta ɗan Adam ce, ba ta isa ta ture dokokin alloli ba, waɗanda ba a rubuta ba, ba kuma wanda ya san farkonsu.

Mu da muka san jana'iza farilla ce a kan al'umma, nan take za mu bi bayanta. Amma ku dakata. A Atina kanta doka ta hana binne maci amanar ƙasa a cikin ƙasarsu, saboda haka 'yan kallon ba su ɗauki Kiriyon mahaukaci ba. A ganina inda ya zarce gona da iri shi ne tsare gawar da dogarai har ta ruɓe, ya kuma toshe kunne. Ɗansa Haimon, wanda zai auri Antigoni, ya gaya masa gari na bayanta, ya ƙi ji. Sai da makahon boka Tirisiyas ya tsorata shi ya sauko.

Ya fara binne gawar tukuna, sannan ya nufi kogon da ya sa aka rufe yarinyar a ciki da ranta a matsayin hukunci. Ya tarar ta rataye kanta. Haimon ya soke kansa a gabansa, uwar Haimon ta ji labari ita ma ta bi.

Akwai mai tambaya? Bismillah, malama.