Amsoshin Tambayoyinku: Shekara nawa katakon rufi zai yi kafin ya ruɓe?

Masu sauraro, lokaci na gudu. Wani daga Funtuwa yana tambaya ko fenti na hana katako ruɓewa. Injiniya, a taƙaice.

Yana taimakawa idan katakon ya bushe. In ɗanye ne aka shafa, ruwan kawai ka kulle a ciki.

Madalla. Sai wasiƙu uku daga Kafanchan, Zariya da Maraɗi, duk tambaya ɗaya: rafta da firam ɗin ƙofa, shekara nawa suke yi kafin su ruɓe?

To, ranka ya daɗe, ba shekarun katako ake ƙirgawa ba, kwanakin da ya yi a jiƙe ake ƙirgawa. Naman gwarin da ke cin katako ba ya tasiri idan danshin cikinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Ya haura kashi 25 zuwa 30, ya yi makonni haka ga ɗumi, shi ke nan, ɓarna ta fara. Shi ya sa a 1971 wani masani a Amurka, Scheffer, ya fito da lissafin da ke haɗa zafin kowane wata da yawan ranakun ruwan sama don auna haɗarin ruɓewar katako a kowane yanki. Katakon da zai tsufa lafiya a Maraɗi, a Fatakwal sai ya riga mai gidan tsufa. Sannan iri: iroko da maɗaci suna jurewa, obece kuwa ba ya son ruwa ko kaɗan. Kai, azarar giginya da kakanninmu ke rufi da ita ma, gara kanta...

Injiniya, shekaru suka tambaya, ba giginya ba!

Ina zuwa. Busasshen rafta ƙarƙashin kwanon da ba ya yoyo zai yi shekaru gommai. Inda ƙusa ke ɗiga ruwa kansa, ko gindin firam da aka binne cikin siminti, damina kaɗan ta isa. A soka sukudireba a bakin yankan katakon. In ta nutse kamar cikin burodi, a sauya shi.

Kun ji ko? In maimaita: jiƙa ce ke kashe katako, ba tsufa ba. Kai kuma mutumin Zariya da ka ce silin ɗinka ya yi tabo tun bara, haba malam, hau ka toshe ramin nan kafin Yuni.

Wata baiwar Allah daga Gusau: baƙin mai fa?

Yana ɗan korar gara, amma ba ya ratsa katakon. Gwamma a sayi maganin katako, a shafa sau biyu, musamman bakin yanka.