Jarrabawar firatikal: hannu ake horarwa, ba baki kaɗai ba

Bashir: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau ina tare da Malama Hadiza mai koyar da kimistiri, da Malam Garba da ya daɗe yana shirya yara musabaƙar Alƙur'ani. Malama, ke zan fara tsokana. Yaro ya haddace littafi tas, amma ranar firatikal na WAEC sai hannu ya kama rawa. Me ke kawo haka?

Hadiza: Malam Bashir, sau da yawa ranar ce ya fara taɓa kayan. WAEC da NECO kan aiko wa makarantu jerin abin da za a tanada kafin jarrabawa, to a wasu wuraren sai a lokacin ake buɗe ɗakin gwaji a kakkaɓe ƙura. A taitireshan kuwa, wato gwajin da ake ɗiga asid kaɗan-kaɗan cikin wani ruwan sinadari har launinsa ya sauya, ɗigo ɗaya ne ke juya ruwan daga rawaya zuwa ruwan lemo. Wanda bai saba sakin ɗan famfon da ke ɗigo da asid ɗin a hankali ba, zarcewa zai yi. Kuma ana so ya maimaita har awonsa su zo daf da juna. Wannan ba a karanta shi a allo.

Garba: Abin da muka daɗe da ganewa ke nan a wajenmu. Musabaƙar ƙasa tun 1986 ake yin ta, ƙarƙashin Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, kuma yaro ba ya isa can sai ya ratsa ƙaramar hukuma da jiha. Alƙalai ba hadda kaɗai suke ba maki ba, akwai tajwidi, akwai murya. Saboda haka in muna bita, yadda za a yi ranar haka muke yi. A zaunar da shi gaban jama'a, a ba shi lasifika, a ja masa baƙi daga inda bai zata ba, in ya kuskure a buga ƙararrawa.

Bashir: Har ƙararrawar, Malam?

Garba: Ita ce ma gaba. Mahaddaci nawa na gani, da jin ƙarar nan sai komai ya ɓace masa? Gara ta firgita shi a gida.

Hadiza: Haka JAMB take. Tun 2015 kwamfuta zalla ake yi. Tambaya 180 cikin awa 2, ka ga daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya. Yarinyar da ba ta taɓa riƙe maus, wato linzamin kwamfuta, ba za ta ɓata minti goma tana kokawa da shi, alhali maɓallai kaɗan sun ishe ta: A zuwa D na amsa, N ta yi gaba, P ta dawo baya. Zama uku huɗu a gaban kwamfuta da agogo a gefe ya kawar da wannan.

Bashir: To amma ku tsaya. Makarantar da ko wutar lantarki babu, balle sinadarai, ya za ta yi? Kada mu zauna a situdiyo muna faɗin abin da ba zai yiwu ba.

Hadiza: Wani abin sai da kuɗi, na yarda. Amma gwajin lilo a fizis me yake ci? Zare, ɗan ƙarfe, rula, da agogon waya. Yaro ya ƙirga lilo 20, ya rubuta lokaci, ya rage tsawon zaren, ya sake, ya zana giraf da fensirinsa. Kuma ka san ruwan zoɓo? Ɗiga masa lemon tsami, ja zai ƙara. Zuba masa ruwan kanwa, sai ya koma kore-kore. Darasin asid da kishiyarsa ke nan a kofi biyu.

Garba: Ikon Allah! Ashe iyayenmu mata sun daɗe a ɗakin gwaji.

Hadiza: Sun riga mu, Baba. Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne gasa. In an ce za a je gasar Cowbellpedia, ko gasar kimiyya da fasaha ta JETS, sai a ware yara biyu uku a yi ta ɗura musu, sauran sittin suna zaune. Kofi ya zo ofishin firinsifal, sakamakon ajin kuma yana nan inda yake.

Garba: Nan kam ban bi ki duka ba, 'yata. Dole a zaɓi wakilai. Abin dubawa shi ne yadda aka zaɓe su. Mu kowa sai ya hau kujera ya karanta, sannan a tace. Wanda bai tsallake ba ma ya ɗanɗana zaman gaban alƙali.

Hadiza: In dai kowa zai hau kujerar, ba mu da faɗa. A fara daga aji huɗu, kowane zango a yi gwaji da agogo, a nuna wa yaro inda makinsa ya zube.

Bashir: Lokaci ya cim mana. Malamai masu sauraro, ku turo mana irin gwajin da kuke haɗawa da kayan gida, mako mai zuwa Malama za ta zo da zoɓonta mu gwada a nan. Malam Garba, kanwa a wuyanka.

Garba: Ungurnu ko jar kanwa?

Hadiza: Kowacce ka samu, Baba.