Yadda Ake Rufe Kwanar Gidan 'Yar Tsana da Zirin Katako

Assalamu alaikum. Wannan da ke gabanku gidan 'yar tsana ne, irin wanda ake sayarwa a kwali gunduwa-gunduwa, mutum ya haɗa abinsa da kansa. An tayar da bangaye, an ɗora rufi, gam ya bushe. Daga nesa ba laifi. To amma ku matso mu dubi kwanar nan, inda bangon gaba ya haɗu da na gefe.

Kun ga haƙoran nan da suka leƙo? Gidajen da ake yi da siririn filawud, kamar na kamfanin Greenleaf na Amurka, haka ake haɗa su: bango ɗaya da haƙora, ɗayan da ramuka, sai a cusa wannan cikin wancan. Kaurin katakon kusan milimita 3 ne. Haɗin yana riƙewa sosai, sai dai yana barin tabo. Ga haƙori ya ɗara bango, ga rami bai cika ba, ga kuma bakin filawud a fili har ana iya ƙirga hawa-hawansa. Ko sau nawa aka shafa fenti sai wurin ya nuna, domin bakin katako shanye fenti yake yi, launinsa ya fita daban. Maganinsa shi ne zirin katako da za a ɗora a kwanar daga sama har ƙasa.

Wannan ziri yana da asali a ginin gaske. A Amurka da Kanada, gidajen katako da ake lulluɓe bangonsu da falankai a kwance, kowane falanki ya ɗan hau na ƙasansa, ana kafa musu katako biyu a tsaye a kowace kwana. Su ne ke rufe bakin falankan don kada ruwan sama ya shiga ya ruɓar da su. Shi muke kwaikwayo, kuma daga can za mu ɗauko awo.

Awon nan shi ne abin da na fi so ku riƙe a duk bidiyon nan. Yawancin gidajen 'yar tsana ana yin su ne a ma'aunin 1 bisa 12, wato inci 1 a nan yana madadin ƙafa 1 a gidan gaske. Shi ne ma'aunin shahararren gidan 'yar tsana na Sarauniya Mary da ke fadar Windsor a Ingila, wanda Edwin Lutyens ya zana, aka gama shi a 1924. To katakon kwana na gaske faɗinsa yakan kai inci 3 da rabi, kaurinsa kashi 3 cikin 4 na inci. A raba da 12, faɗin ya dawo milimita 7 da ɗoriya, kaurin kuma milimita 1 da rabi. Saboda haka ziri mai faɗin milimita 6 zuwa 8 shi ne daidai. Idan gidanku na ma'aunin 1 bisa 24 ne, sai ku raba komai biyu.

Mutane da yawa sukan ɗauko ziri mai faɗi, wai don ya rufe komai a huta. Ku dubi wannan da na jingina a kwanar hagu, faɗinsa santimita 2. A gidan gaske ya kai kusan inci 9 da rabi ke nan. Duba yadda ya danne tagar da ke kusa da shi, gidan gaba ɗaya ya koma kamar akwatin sabulu. Yanzu ga na dama, mai milimita 8. Ido ba ya ma tsayawa a kansa, sai dai ya ga gida ya tsaya kyam. Wuri ɗaya ne ake ƙara faɗi: gidajen da bangonsu ke da kauri, masu milimita 9 ko 10. Su dole zirin ya wuce kaurin bangon kafin ya rufe layin haɗin, don haka sai a nemi mai milimita 12 ko 13. Ku sa rula ku auna naku kafin ku sayi komai.

Zirin kansa iri biyu ne. Akwai wanda aka riga aka fafe shi ya yi kwana, sai dai kawai a kifa shi. Yana da sauri, amma sai kwanar gidan ta cika digiri 90 cif, in ba haka ba gefe ɗaya ya zauna, ɗayan ya ɗaga. Ni na fi son ziri biyu shafaffu, domin suna bin bango ko da ya ɗan karkace. Masu wannan sana'a sun fi amfani da wani farin katako mai laushi da ake kira basswood, saboda ba shi da jijiyoyi masu fitowa, kuma yana yankuwa da wuƙa. Wanda bai samu ba, tsinken askirim na katako zai yi a gida mai gajeren bango, haka ma kwali mai tauri idan aka haɗa biyu aka manne, aka yi masa fenti.

Kafin a taɓa zirin, sai an gyara masa wurin zama. Ku naɗe samfefa a jikin ɗan guntun katako, kada ku riƙe ta da yatsa kawai, don yatsa yana cinye kwana ya mayar da ita zagaye. Ku goge haƙoran har su yi daidai da bango. Ku shafa tafin hannu, in kun ji tudu, da saura. Ramukan kuma a cike su da fotin katako, a bar shi ya bushe, a sake gogewa. Wani zai ce ai za a rufe wurin, mene ne na wahala? Ziri mai kaurin milimita 1 da rabi ba ya ɓoye tudu. Hawa kansa yake yi ya lanƙwashe, sai inuwa ta shiga ƙarƙashinsa, kuma inuwar ta fi haƙorin muni.

Yanzu ga dabarar ziri biyu, ku duba da kyau. Ba a yanka su faɗi ɗaya. Na gaba shi ne zai zarce kwanar ya rufe bakin na gefe. Idan kun tsaya ta gefe, abin da za ku gani shi ne faɗin zirin gefe haɗe da kaurin na gaba. Don haka na gefe ya kamata ya gaza na gaba da daidai kaurin katakon. Na gaba milimita 8, na gefe milimita 6 da rabi, a ƙara kaurin 1 da rabi, ya zama 8. Ta ko'ina aka duba, faɗi ɗaya ne. Kafintocin gidajen gaske ma haka suke yi. Kuma layin haɗin ya koma gefe, fuskar gida ta fita fes.

Sai yanka tsawo. Ƙasa ba matsala, a miƙe ake yankawa. Sama ce ke da aiki, musamman a bangon da rufi ya gangaro a kansa, domin kan zirin dole ya bi gangaren. Kada ku yi ƙiyasi da ido. Ku ɗauki 'yar takarda ku tura ta cikin lungun da bango ya haɗu da rufi, ku danna da farce har ta karye a layin, ku yanke, ku ɗora a kan zirin ku zana da fensir. Ku fara yanka saman, ku gwada, in ya zauna sannan ku rage ƙasan. Wuƙa mai sabuwar reza, rular ƙarfe, a bi layin sau huɗu ko biyar a hankali. Wanda ya danna da ƙarfi sau ɗaya, katakon tsagewa zai yi ya bi jijiyarsa. Yatsunku kuma su tsaya a bayan rula.

Fenti kafin manni. Galibi zirin fari ake yi masa, bangon kuma wani launi, to idan aka manna kafin a yi fenti, sai an yi ta fama da burushi a bakin layi, kuma da wuya ya fita sumul. Ku shimfiɗa tef ɗin takarda, gefen mai danƙon yana kallon sama, ku jera zirin a kai don kada su motsa, ku shafa fenti marar kauri sau biyu, har da gefunansu. Bayan kuwa ku bar shi ba fenti, nan gam zai kama. Fentin ruwa yakan sa siririn katako ya lanƙwashe. In ya yi haka, da ya sha iska sai ku danne shi da littafi mai nauyi ya kwana.

Farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, ya wadatar. Ku ɗebo da tsinken sakace ku ja siririn layi a tsakiyar zirin. Kaɗan ya isa. Wanda ya tsattsafo, a goge shi nan take da ɗanyen tsumma. Gam mai zafi na bindiga ba na wannan aikin ba ne, yana daskarewa da kauri ya ɗaga zirin daga bango. Mai kamawa nan take shi ma ba ya ba mutum damar gyara zama. Na gefe ake fara mannawa, bakinsa daidai da fuskar bangon gaba, sannan na gaba ya hau ya rufe shi. A ɗaure da tef ɗin takarda a wuri uku ko huɗu, a zagayo da shi ta kwanar a ja. Idan lokacin hunturu kuke aikin, gam yana saurin bushewa, don haka kwana ɗai-ɗai za ku bi, kada ku shafa wa duka a lokaci guda.

Idan za ku lulluɓe bangon da ƙananan falankai, ku fara kafa zirin kwana, sannan falankan su zo su tokare shi, kamar yadda ake yi a ginin gaske. Sharaɗin kawai shi ne zirin ya fi falankan kauri, ya ɗan fito gabansu. In bai kai ba, a sa masa kwali a ƙarƙashi.

Hasumiya mai fuska 8 da taga mai turowa waje, kwanarsu galibi digiri 135 ce, fafaffen ziri ba zai zauna a nan ba. Ziri biyu za a sa, a goge bakin kowanne a karkace da samfefa, kusan digiri 22 da rabi, har su haɗu ba rata. Ana yi ana gwadawa.

Gidan da aka yi wa ado irin na bulo ko dutse kuwa, zirin katako bai dace da shi ba. Irin waɗannan gine-gine a Ingila da Faransa duwatsu ake jera musu a kwana, dogo, gajere, dogo, gajere. Kiret ɗin ƙwai na takarda yana ba da wannan sosai, domin fuskarsa gurje take irin ta dutse. A yanka shi ƙanana, tsayin kowanne kamar santimita 2, a lanƙwasa a kwanar, wannan ya fi tsawo ta gaba, na samansa ya fi tsawo ta gefe.

Washegari sai a cire tef a hankali, ana jansa baya-baya don kada ya ɗebo fentin bango. Idan layin da ke tsakanin zirin biyu ya nuna, a shafa foti kaɗan da kan yatsa, a goge, a taɓa da fenti. Sai ku juya gidan ta baya, wajen da aka bari a buɗe don a ga ɗakuna. Bakin bangaye da na benaye duk a fili suke a nan, kuma ragowar zirin da kuka yanka zai rufe su. Na tsaye ake fara sawa, sannan na kwance su shiga tsakaninsu.