Kafin ku ɗaga IBM i zuwa sabon zubi: ina hanyar dawowa?

[Hoto: ɗakin na'urori, kyamara na matsowa kusa da baƙar sabar]

Jama'a, wannan sabar ce ta IBM Power, manhajar da ke tafiyar da ita kuma sunanta IBM i. Tsofaffin ma'aikata har gobe AS/400 suke ce wa sabar, sunan da injin ya fito da shi a 1988. Bankuna, kamfanonin inshora da manyan dillalan kaya na ajiye lissafinsu a irinta. Tun da IBM ya rufe tallafin yau da kullum na zubin 7.3 a ƙarshen Satumban 2023, tambaya ɗaya ke ta yawo a bakin masu shirin ƙaura: in sabon bai karɓe mu ba, ta yaya za mu cire shi mu koma tsohon?

Ba ya ciruwa. Ku riƙe wannan, yanzu za mu dawo kansa.

[Hoto: koren rubutu a baƙin allo, shafuka na wucewa da sauri]

Sauran shiri ba ɓoyayye ba ne. A duba ko injin zai ɗauka: 7.5, wanda ya fito a 2022, yana son Power9 ko sama, shi kuwa 7.6 na 2025 sai Power10 zuwa sama. Daga 7.3 ana tsallakawa kai tsaye zuwa 7.5, amma ba a kaiwa 7.6 a tashi ɗaya. A karanta takardar Memo to Users, wadda IBM ke bayyana abin da ya canza a kowane zubi, har da ta zubin da aka tsallake. A kira waɗanda suka sayar muku da manhajar albashi ko ta sito, su tabbatar tasu za ta yi aiki. Sai a buga umarnin GO LICPGM, a ɗauki zaɓi na 5, ga shi nan a allo: a nan ake amincewa da yarjejeniyar lasisi, in ba a yi ba aikin zai tsaya. A tanadi sabbin lambobin lasisi, a sa PTF, wato gyare-gyaren manhaja da IBM ke fitarwa, waɗanda aka ce a sa tukuna. In wutar wajenku ba ta da tabbas, a leƙa batir da man janareta.

To, yanzu ga inda ake faɗawa rami.

Da an ce a yi kwafin ajiya, sai ka ji an ce, ai kullum da dare muna yi. Madalla. Amma me kuke kwafewa? Galibi bayanan kasuwanci ne kawai. Wannan kayan ɗaki ne, alhali abin da za a taɓa ranar ɗagawa ginin ne kansa. In ya rushe, kaya na nan amma babu inda za a shimfiɗa su.

Abin da ake bukata shi ne umarnin GO SAVE, zaɓi na 21, wanda ke kwafe dukan na'urar zuwa kaset. Ku kalli yadda yake tafiya. Zai sauke kowa daga kan na'urar, ya tsayar da duk ayyuka, ya rage daga kai sai allon kula. Sannan ya ɗebi tushen manhajar tare da sunayen masu shiga da tsarin na'urori, ya bi da ɗakunan ajiyar shirye-shirye da bayanai, sai takardu, sai sauran fayiloli. Wannan kaset ɗin ya isa a tayar da injin daga babu, a mayar da shi yadda yake jiya.

[Hoto: yatsa na nuna layi ɗaya a allon zaɓi]

Ku tsaya a wannan layin. Rahotannin da ke jiran bugawa ba sa shiga kaset sai an ce su shiga, domin asalin saitin *NONE ne. In akwai wanda akanta ke ji da shi, a mayar da shi *ALL.

Da ya gama, kar a zare kaset a kama hanyar gida. A buɗe rahoton aikin, a nemi inda ya ce wani abu bai kwafu ba. Ni a ganina kaset biyu ya kamata a yi, ɗaya a fitar da shi daga ginin. Kuɗin kaset bai kai kuɗin yinin da kamfani zai yi a rufe ba.

Sai maganar lokaci, kuma wallahi nan ne na fi damuwa. Kwafin da aka yi makon jiya ba zai cece ku ba. Ana yin sa ne dab da fara aiki, kuma tsakaninsa da ɗagawar ba a sake barin kowa ya shiga. Haka ma bayan an gama: muddin aka buɗe wa ma'aikata ƙofa ranar Litinin, duk rasit da odar da suka shigar babu su a kaset ɗin. Komawa daga nan na nufin asarar aikin, ko sake shigar da shi da hannu. Don haka a zaunar da mutum biyu ko uku da suka san aikin, su gwada komai ranar Lahadi, a yanke shawarar ci gaba ko komawa kafin gari ya waye.

Wannan shawarar kuwa ba ta yankuwa sai an san awa nawa dawowar ke ci. Ana sani ne ta hanyar gwadawa a wani injin ko wani ɓangare na sabar, makonni kafin ranar, da agogo a hannu. A nan ne ake gane ko kaset ɗin na karantuwa, da kuma ko akwai wanda ya san kalmar sirrin allon kula.

[Hoto: hannu na rubuta kwanan wata a jikin sabon kaset]

In komai ya tafi daidai, an sa sabbin PTF, a sake yin zaɓi na 21 tun kafin mutane su shigo, domin kaset ɗin jiya tsohon zubi ne a cikinsa. A rubuta zubi da kwanan wata a jikin kowanne, kuma kar a goge tsohon sai an rufe lissafin ƙarshen wata lafiya a kan sabon.