Jawabin Russwurm na 1826 da yadda takardarsa ta iso hannunmu

Assalamu alaikum. Malamaina, abokan aiki da ɗalibai, barkanmu da yamma. Na baya kuna ji na? To, madalla.

Zan ɗauke ku zuwa wani ƙaramin gari, Brunswick, a jihar Maine da ke can ƙuryar arewa maso gabashin Amurka. A nan Kwalejin Bowdoin take, wadda aka kafa a 1794. Ranar 6 ga Satumba, 1826, kwalejin ta yi bikin yaye ɗalibai. A al'adar lokacin ɗaliban ne ke hawa mumbari ɗaya bayan ɗaya, kowa ya gabatar da abin da aka ɗora masa a gaban malamai da iyaye da manyan gari. Cikinsu akwai John Brown Russwurm, mai shekara 26, haifaffen Jamaika, uwarsa baƙar fata, ubansa Bature ɗan kasuwa. Shi ne baƙar fata na farko da ya kammala Bowdoin, kuma na uku a duk kwalejojin Amurka, bayan Alexander Twilight a Middlebury a 1823 da Edward Jones a Amherst, wanda ya riga shi da makonni kaɗan. Don ku daidaita lokacin a ranku, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ke mulki a Sakkwato a wannan shekarar.

Me ya yi magana a kai? Halin da ƙasar Haiti take ciki da makomarta. Ku duba ƙarfin halin nan. A 1826 bauta na nan daram a kudancin Amurka. Haiti kuwa bayi ne suka yi tawaye suka kori Faransawa, suka kafa ƙasarsu a 1804. Shekara guda kafin jawabin, Faransa ta ɗora mata diyyar faran miliyan 150 kafin ta amince da 'yancinta, Amurka kuma ba ta amince da ita ba sai 1862. Wannan ƙasa ce saurayin ya tsaya gaban taron da kusan duk farar fata ne yana yabo, yana kafa hujja da ita cewa son 'yanci halitta ce a zuciyar ɗan Adam, ƙangin bauta bai iya kashe shi.

To, ina muka san abin da ya faɗa? Babu na'urar ɗaukar murya, sai 1877 Edison ya ƙirƙiro tasa. Hanyoyi biyu ne. Jaridar Eastern Argus ta birnin Portland ta buga wani yanki bayan 'yan kwanaki. Sai kuma rubutun hannunsa, wanda ke ajiye a sashen adana tarihi na ɗakin karatun Bowdoin. A wurina na biyun ya fi nauyi, domin abin da jarida ta buga zaɓin edita ne, shi ya ga inda zai yanke. Cikakken jawabin sai a 1969 masanin tarihi Philip Foner ya fitar da shi a mujallar Journal of Negro History. Shekara 143 ke nan takarda na kwance tana jiran mai buɗe ta.

Bari in ɗan tsaya kan takardar kanta, don ɗalibai kan ɗauka tsohuwar takarda ta fi saurin lalacewa. Ba kullum ba. Takardar farkon ƙarni na 19 da tsummokaran auduga da lilin ake yin ta, tana da ƙwari. Daga bayan tsakiyar ƙarnin aka koma yi da itace, irin mai tsami a jikinta, wadda ke yin ja ta rinƙa karyewa a hannu. Shi ya sa wasiƙar 1826 kan fi jaridar 1926 lafiya. Abin tsoro a takardun wancan zamani tawada ce. Da gishirin ƙarfe da ƙullutun da ke fitowa a jikin itacen oak ake haɗa ta, in ta sha danshi sai ta fara cin takardar, har harafi ya zama huji. Saboda haka ma'aikatan adana tarihi ke sa irin waɗannan a fayil marar tsami, cikin akwati, a ɗaki mai sanyi da ba ya hawa da sauka, nesa da hasken rana. Sannan a ba ta lamba a shigar da ita kundi. Wannan na ƙarshen ana raina shi, alhali takardar da ba ta cikin kundi, ko tana cikin gini, ɓatacciya ce. Wuta kuma ba ta tambaya: gobarar ɗakin karatun Kwalejin Harvard ta 1764 ta cinye kusan littattafai 5,000 a dare ɗaya.

Wani zai ce, Malam, mutumin nan ai ya yi manyan abubuwa daga baya, me ya sa aikin makaranta zai dame mu? Gaskiya ne. A Maris 1827 shi da Samuel Cornish suka kafa Freedom's Journal a New York, jaridar baƙar fata ta farko a Amurka. Da farko jaridar ta soki shirin kwashe 'yantattun bayi zuwa Afirka. A 1829 ya sauya ra'ayi, abokansa da yawa suka kira shi maci amana, ya tafi Laberiya. Ya shirya jaridar Liberia Herald, a 1836 ya zama gwamnan yankin Maryland a Cape Palmas, a can ya rasu a 1851.

Duk wanda ya fara karanta shi daga 1829 zai ɗauka rana ɗaya ya wayi gari ya juya wa Amurka baya. Takardar 1826 ta nuna tun yana ɗalibi idonsa na kan ƙasar da baƙar fata ke mulkin kansu, har ya yi niyyar komawa Haiti da zama. Tunanin barin Amurka ya riga jaridar, abin da ya sauya a 1829 shi ne inda jirgi ya nufa.

Shugaban taro, a nan zan dakata, a ba masu tambaya dama.