Datar "Mara Iyaka" da Iyakar da Ke Ƙasan Takarda

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To, madalla.

Wanda ya taɓa sayen datar da aka ce mara iyaka ce, ya ɗaga hannu. Yauwa. To, wa ya kai ƙarshen wata intanet ɗinsa na gudu kamar ranar farko? Kun ga hannuwa sun sauka.

Ni ma an yi mini. A mako na uku, bidiyo ya tsaya cak, 'yar da'irar nan sai juyawa take yi har shayina ya huce. Da na kira kamfanin, wata baiwar Allah ta ce, "Yallaɓai, datarka ba ta ƙare ba, ka dai wuce ƙa'idar amfani bisa adalci."

Abin nufi, akwai adadin gigabait da in ka kai shi, ba za a yanke ka ba, amma za a shaƙe maka gudu. A ce an mayar da kai kilobit 128 a daƙiƙa. Ku yi lissafi: gigabait ɗaya sai ya ci maka awa 17. Saƙon WhatsApp zai wuce, amma kallo kam sai wani watan.

A yi musu adalci, suna da hujja. Turken sadarwa kamar rijiyar burtsatse ce ta unguwa, kowa daga nan yake ɗiba. In mutum ɗaya ya jera jarkoki hamsin, sauran sai su kwana a layi. Ban ƙi a sa iyaka ba. Abin da na ƙi shi ne a rubuta "mara iyaka" ɓaro-ɓaro a allon talla, a tura iyakar ƙasan takarda da rubutu kamar ƙafar kiyashi.

A Amurka maganar har kotu ta je. A 2014 hukumar kare masu saye ta FTC ta maka kamfanin sadarwa na AT&T, kan cewa yana rage wa masu tsarin "mara iyaka" gudu, wasu bayan gigabait 2 kacal. A 2019 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 60.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na 2018. 'Yan kwana-kwanan gundumar Santa Clara suna tsakiyar yaƙi da gobarar daji a Kalifoniya, kamfanin sadarwa na Verizon ya shaƙe layin intanet "mara iyaka" na motar da suke tsara aikin da ita, saboda sun wuce gigabait 25. Wuta na ci, ana ce musu su koma tsarin da kuɗinsa ya haura ninki biyu! Daga baya kamfanin ya ce kuskure ne.

Saboda haka kafin ka biya, yi wa mai sayarwa tambaya biyu: bayan gigabait nawa za a rage gudu, kuma zuwa nawa? In ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka. Wanda aka riga aka yi wa a nan Najeriya, ya fara kai kuka ga kamfanin, in ba su saurara ba ya kira hukumar sadarwa ta NCC a 622, kyauta ne.

Malama, na ga hannunki tun ɗazu. Bismillah.